Kwana Biyar a Ƙarƙashin Gawo: Tafiyata Zuwa Kance

Rasuwar ƙanwar kakata ce ta kai ni Kance. Kakarmu ta wajen uwa a wani ƙauye na ƙasar Kance, a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, aka haife ta, aure ya kawo ta Daura tun tana yarinya, daga baya neman abinci ya dawo da gidan Kano. Tun ina ƙarami nake jin sunan garin a bakinta, duk lokacin da aka sayo mana rake sai ta ce wannan ai kara ne, rake yana can gida. Amma ban taɓa taka ƙasar ba sai da na haura shekara arba'in. Da saƙon rasuwar ya iso a watan Disamba na 2024, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar zama a mota. Ta kira ni ta ce, "Kai za ka je ka yi mana gaisuwa. Zumunci a ƙafa yake, waya ba ta isar da wannan." Ta haɗa mini atamfa turmi biyu da sabulu da turare a jaka, ta ƙara da ɗan abin da za a sa a sadakar bakwai.

Ina idar da sallar asuba na nufi tashar Ƙofar Ruwa. Sanyi ya sauka sosai, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi. Naira 5,000 na biya zuwa Daura, fasinjoji suna ta ƙorafi, direba kuwa amsarsa ɗaya ce, litar mai ta haura dubu. Muka bi ta Dawanau, muka wuce Ɗambatta da Kazaure da Sandamu. A wasu wurare ana hango tulin jar ƙasa da gadojin aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Daura da Katsina har Maraɗi. Ban da wannan, hanya ce irin wadda kowa ya sani.

A Daura na sauya mota zuwa Kwangwalam da ke ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Daga Kano zuwa bakin iyaka kimanin kilomita 130 ne kawai, amma guntun ƙarshen nan shi ya fi cin rai. Shinge bayan shinge, wani na ganga, wani na katako mai ƙusoshi, wani igiya ce kawai aka ja. Masu kaki iri-iri, kowa da abin da yake dubawa. Direbanmu ya tanadi 'yan canji a aljihun gaba, yana miƙa hannu ta taga ba tare da ya ce uffan ba. Na ƙirga shinge tara kafin na daina ƙirgawa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, wadda ta ɗauko robobi da bokitai za ta kai wa 'yarta, ta ce duk wannan kuɗin a kanmu yake ƙarewa, domin gobe za a ƙara shi a kuɗin mota. Gaskiya ta faɗa.

A bakin iyaka na tsaya wurin 'yan canji, nan na fara jin jiki. Jika ɗaya ta sefa, wato faran dubu, sai da na ba da kusan naira 2,500 kafin na karɓe ta. Shekara goma kafin wannan lokacin jikar nan ba ta kai naira 400 ba. Damin kuɗin da na fito da shi daga Kano ya koma 'yan takardu kaɗan da na ninke na sa a aljihun riga. Ɗan canjin ya ga yadda na yi shiru ina kallon hannuna, ya ce, "Alhaji, da mu ke bin naira, yanzu naira ke bin mu."

Iyakar ita kanta ba ta daɗe da buɗewa ba. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 an rufe ta, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗewa. Mai kabu-kabun da ya ɗauke ni zuwa Ɗan Barto, haka suke kiran ɗan acaɓa a can, ya ce watannin nan ba za su manta da su ba. Gonar wani tana wannan gefe gidansa yana wancan, mace tana nan iyayenta suna can. Turakun da Turawan Ingila da na Faransa suka bi suka kafa tsakanin 1906 da 1908 ba su raba harshe ba, ba su raba dangi ba, amma ranar da manya suka yi faɗa sai talaka ya gane cewa layin nan yana da haƙora.

A Ɗan Barto wani jandarma ya karɓi katin shaidata da katin rigakafi, ya jujjuya su, ya tambaye ni da Hausa tsantsa, "Ina zuwa?" Na ce Kance, gaisuwar mutuwa. Ya miƙo mini takarduna ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Sauka lafiya." Daga nan na shiga wata tsohuwar mota zuwa Matamaye a kan jika ɗaya, mu tara a ciki har da akuya a bayan but.

Tun a wannan hanyar na fara ganin abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. A zatona, duk taku ɗaya da mutum ya yi zuwa arewa itatuwa raguwa suke yi, sai rairayi da ƙaya. Haka muke ɗauka a Kano, Nijar hamada ce. Sai ga shi ido na iya gani gonaki ne cike da gawo, manya da matasa da 'yan ƙanana, ba a jere ba, a warwatse kamar an watsa su da hannu. Ga shi rani ya shiga, an gama girbi, ƙasa ta yi fari fat, amma gawon nan kore shar. A hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure da na baro da safe ban ga rabin wannan ba. Na yi ta leƙe ta taga har wanda ke gefena ya tambaye ni ko baƙo ne ni.

Matamaye ita ce hedikwatar yankin, nan ofishin babban jami'in gwamnati yake, amma sunan Kance yankin yake ɗauke da shi. Na karya kumallo a wurin wani mai shayi, ya yanko mini dogon burodin nan irin na Faransa, ya soya ƙwai. Da na tambayi kuɗin shayin ya ce dala ashirin. Na tsaya ina lissafi, sai ya nuna mini ƙwandalar faran 100. A can da dala ake ƙirga, kowace dala faran biyar ce, don haka dala ɗari faran 500 ke nan, dala ɗari biyu kuma jika. Kwana biyu na yi kafin kaina ya saba. Na lura kuma da masu sayar da fetur a kwalabe a bakin titi, waɗanda muke kira 'yan bumburutu, su kuma suna ce wa sana'ar ruwa-ruwa. Shekara da shekaru man Najeriya suke sayarwa, mai tallafi. Tun da aka cire tallafin a watan Mayun 2023 kasuwar ta juya, ga kuma gwamnatinsu ta sauke farashin lita zuwa faran 499 a 2024, ga matatar mai a jihar Damagaram tun 2011. Da yawansu sun nemi wata sana'ar.

Daga Matamaye zuwa garin Kance ba a yi rabin awa ba, a kan kwaltar da ke zuwa Takeita ta haɗu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Gari ne madaidaici, gidajen ƙasa da 'yan na siminti, fadar sarki, masallacin Juma'a, makaranta, asibiti, sai ofishin magajin gari da tuta a gabansa. Ɗan kawuna yana jirana da babur. Muka bar kwalta muka shiga rairayi, babur yana wutsil-wutsil, sau biyu ina sauka muna turawa. Muka yi ta wuce amalanken shanu ɗauke da karan dawa da harawa. Kafin la'asar muka isa ƙauyen.

Ba zan tsawaita kan zaman makoki ba, irin namu ne sak. Tabarmi a ƙofar gida, dattawa suna jan carbi, duk wanda ya zo a yi fatiha a ce ya haƙuri. Da aka ce ga jikan wance daga Kano, sai tsofaffin mata suka fito suna leƙa fuskata, wata ta kama hannuna ta ce goshin kakata ne ta gani, ta fashe da kuka. Aka sauke ni a ɗakin ɗan kawuna, ɗakin ƙasa mai rufin azara, da katifa a kan tabarma da bargo mai kauri. Babu lantarki a ƙauyen. Wani yaro mai faifan sola shi ke cajin waya a kan dala goma. Da dare aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, da safe kunun tsamiya da ƙosai, da rana kuwa fura ce da nono, damammiya a ƙwarya, wadda ban sha irinta ba tun rasuwar kakata. Akwai ranar da aka yi mini kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Nama sau ɗaya na gani a kwana biyar, ranar sadakar bakwai, kuma na san saboda baƙi aka yanka.

Washegarin sadaka Kawu, babban ɗan marigayiyar, ya ce in zo mu je gona. Dattijo ne da ya haura saba'in, siriri, mai saurin tafiya. Muna shiga gonar ya tsaya a gindin wani gawo ya dafa shi kamar mai dafa kafaɗar aboki. Na ce, "Kawu, wa ya dasa muku waɗannan duka?" Ya ce, "Ba wanda ya dasa. Bari muka yi."

Ya durƙusa ya nuna mini wani ɗan kututture da ya yi tsiro kusan goma, bai kai gwiwa ba. Ya ce da can, idan an zo sharar gona, duk irin wannan sassabe shi ake yi a tara a ƙone, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta yi fes kamar faranti. Yanzu kuwa sai ka zaɓi tsiro ɗaya ko biyu mafi ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu ya yi a gabana, ya sare na gefe, ya share ƙananan rassan wanda ya bari har zuwa rabinsa, ya ɗaura masa ɗan tsumma don masu wucewa su san da mai shi. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun tuni, don haka tsiron yakan yi saurin da dashe ba ya yi. Wannan shi ake kira sassaben zamani.

Shi gawo halinsa daban ne da na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi ya tsaya tsirara, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashinsu a wurin, 'ya'yansa masu lanƙwasa su zubo awaki da tumaki su cinye. Kawu ya sa ni na kwatanta kututturan geron da ke gindin itacen da na fili. Na gindin gawo sun fi kauri nesa ba kusa ba, ko makaho ya shafa zai gane. Ya ce dattawansu sun ba su labari cewa a zamanin sarakunan Damagaram wanda ya sare gawo hukunci mai tsanani yake fuskanta. Daga baya itace ya zama na gwamnati, ma'aikatan daji suna cin tara, sai mutane suka daina ɗaukar sa a matsayin nasu, wanda ya samu dama ya sare da dare.

Na tambaye shi yaushe abin ya sauya. Ya ce, "Bayan El-Buhari." Haka suke kiran yunwar 1984, domin ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar da suka saba bi su nemo hatsi da aiki ta toshe. Na yi shiru, domin ta garin mai sunan na biyo shekaranjiya. Kawu ya ce a shekarun nan iska takan taso ta binne shuka, sai an yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama. Mata suna yin tafiyar rabin yini neman itacen girki, wasu suna dafa abinci da kashin shanu. Wahala ce ta koya musu. Abin ya fi suna a ƙasar Maraɗi, inda wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa dabarar tun farkon shekarun 1980, amma Kawu ya ce su a nan ganin gonar maƙwabci ne malaminsu. Wani binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa a yankunan Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya. A faɗin Nijar ana maganar hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200. Ni dai na tuna yawan bukukuwan dashen itace da na gani a gida, a zo da 'yan jarida a dasa a tafi, bayan wata uku ko ɗaya ba ka samu. Ga mutanen da ba su da ko sisin gwamnati sun yi da wuƙar aljihu.

Da yamma ɗan kawuna ya kai ni kwari. Ƙasar Kance tudu ne na rairayi, amma a tsakanin tuddan akwai kwaruruka na yankin Korama inda ruwa yake kusa. Na ga rijiyar da tsayinta bai fi gaba biyu ba, ana jan ruwa da guga, wasu da ɗan injin ban ruwa. Nan ake rake da rogo da dankali da tumatir da kabeji da albasa. Aka saro mini rake fari mai kauri, na ɓare da haƙori, ruwan ya gangaro mini har gwiwar hannu. Sai a lokacin na fahimci maganar kakata. Manyan motoci suna shigowa har bakin kwari suna lodi zuwa Damagaram da Agadas. Sai dai kwarin ba na kowa ba ne. Wanda ya gaji ɗan yanki a ciki ya tsira, wanda bai gada ba sai ya yi ƙwadago a na wani.

A hanyar dawowa na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko. Babu daji. Daga ƙauye zuwa ƙauye gona ce ta haɗe da gona, ba saura, ba fili da aka bari ya huta, burtalin shanu ma ya matse har amalanke biyu ba sa iya wuce juna. Kana barin wannan gari kana hango rumbunan na gaba. Ko'ina kuma yara ne, a bakin rijiya, a bayan awaki, a ƙofar makarantar allo.

Wani malamin makarantar boko, wanda kowa ke kira mushe (daga kalmar Faransanci monsieur), shi ya warware mini lissafin da daddare muna shan shayi. Ya ce a ƙidayar 2012 yankin Kance yana da mutum 399,181, a ƙasar da ba ta da faɗi, har yawan jama'a ya haura mutum 150 a kowace murabba'in kilomita. Nijar gaba ɗaya a lokacin ba ta kai mutum 14 ba a irin wannan awon, domin galibinta hamada ce. Yawan jama'ar ƙasar yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara, ka ga ke nan tun daga ƙidayar zuwa yau an ƙaru sosai. Yankin an raba shi gida tara, abin da suke kira kwamin: Matamaye ce ta birni, sauran takwas na karkara ne, wato Kance da Ɗan Barto da Dawshe da Dungu da Ishirnawa da Kurni da Tsauni da Yawuri. Yawanci Hausawa ne, da Fulani da Buzaye a tsakaninsu. Tsarin kwamin ɗin a 2002 aka kafa shi, aka yi zaɓen farko a 2004. Aikinsu takardar haihuwa da ta aure, harajin kasuwa, gyaran rijiya da ajin makaranta. A watan Afrilun 2024 sojoji suka rushe zaɓaɓɓun majalisun suka naɗa kantomomi. Mushe ya ce ko da zaɓaɓɓe ko da naɗaɗɗe, asusun kwamin na karkara bai taka kara ya karya ba, shi ya sa har yanzu wasu azuzuwan lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, na zana ne, sai an gama girbi an samu kara ake kafa su. Na ga ajin da idona, yara sun fi sittin a zaune a kan rairayi, allo a jingine da turke.

Kawu ya ba ni nasa lissafin, wanda ya fi na mushe shiga jiki. Gonar mahaifinsu ita kaɗai take ciyar da gidan shekara guda har a ba da zakka. Su bakwai suka raba ta. Nasa kason shi ma 'ya'yansa maza biyar ne ke jira. Bana an yi ruwa mai yawa, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe a watan Satumba, kuma gero ya yi kyau. Duk da haka abin da ya sa a rumbu ba zai wuce wata biyar ba. "Gawo ya ƙara mana albarka," in ji shi, "amma bai ƙara mana ƙasa ba." Da can maza ci-rani suke tafiya Kano da Legas su dawo da damina. Yanzu wanda ya yi wata huɗu yana turin baro a Kano, in ya canza kuɗinsa a Kwangwalam, abin da zai rage masa ba ya sayen buhu biyu.

A daren ƙarshe 'yar Kawu ta kawo mini ruwan alwala ta tsaya daga bakin ƙofa. Ba ta fi shekara talatin ba, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Na ce ta zauna, ta zauna a dokin ƙofa ta rufe ƙafafunta da mayafi. Hira ta kai mu har ta ce mini sau biyu tana zuwa Aljeriya. Na san labarin a rediyo, amma ban taɓa zaton yana cikin gidanmu ba. Ta lissafa mini hanyar kamar mai karanta sunayen unguwanni: Damagaram, Tanut, Agadas, Arlit, Assamaka, sannan Tamanrasat. Ta sayar da tunkiyarta biyu, ta ci bashin sauran kuɗin motar. Ta tafi da yara biyu, na goye da mai bi masa. A can bara suke yi a bakin masallatai da mahaɗar tituna, su kwana a kango. Zuwan farko ta dawo da abin da ta biya bashi, ta sayi hatsin shekara, ta yi wa ƙanwarta kayan ɗaki. Zuwa na biyu aka kama su aka loda a manyan motoci aka dawo da su Agadas, ba ta tsira da komai ba sai bargo.

Na ce, "Ba kya tsoron hanyar?" Ta ce, "Yaya, wa ba ya tsoro?" Duk ƙauyen sun san abin da ya faru a watan Oktoban 2013, lokacin da motoci biyu suka lalace a hamada kusa da iyakar Aljeriya, aka tsinci gawa 92, yara 52, mata 33, maza 7, galibinsu 'yan wannan yanki. Ƙishirwa ce ta kashe su. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku. Ta ce tana budurwa a lokacin, ta ga yadda aka yi ta shimfiɗa tabarmin gaisuwa a ƙauyukan kusa ba tare da gawa ba. Amma ba a shekara ba wasu suka sake kama hanya.

Na yi mata maganar da kowa zai yi, cewa bara ba sana'a ba ce, yaran nan karatu ya kamata su yi, kuma rai ya fi dukiya. Ban janye ko ɗaya ba, har yanzu haka na gani, kuma yaron da aka ɗora wa kwanon bara a ƙasar da ba ya jin harshenta an zalunce shi. Ta saurare ni har na gama, ba ta musa ba. Sai ta ce, "Yaya, in rumbu ya ƙare a watan azumi, me zan ba su?" Na rasa amsar da zan ba ta wadda ba ta riga ta sani ba. Mu da muke da almajirai a kowane lungu na Kano ba mu da bakin yi wa kowa gori. Na ba ta abin da ya rage mini na sefa, ban da kuɗin mota, na ce ta ja jari ko na ƙuli-ƙuli ne. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta karɓi lambar wayata a 'yar takarda.

Da safe aka haɗa mini tsaraba: damin rake, ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya, da cuku. Kawu ya so ya auna mini wake tiya goma in kai wa mahaifiyata, tiya ita ce kwanon awonsu, amma ɗansa ya hana, domin tun watan Oktoba gwamnati ta hana fitar da hatsi daga ƙasar, za a iya ƙwacewa a hanya. Sai Kawu ya shiga ɗaki ya fito da 'ya'yan gawo cike da leda. Ya ce in jiƙa ƙwayar a ruwan zafi ta kwana kafin in shuka, in ba haka ba ba za ta fito da wuri ba, ita ta saba sai ta bi ta cikin akuya. Ya raka ni har bakin gari, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaida ƙanwata. Ka ce mata gida yana nan."

Dawowa ba ta da labari, shingayen nan dai suna inda na bar su. Na iso Kano bayan magariba. Mahaifiyata ta sa aka yanka raken gunduwa-gunduwa aka rarraba wa maƙwabta, ta ɗauki guda ta riƙe a hannu ta daɗe ba ta sha ba.

Ƙwayar gawon na shuka ta a gwangwanaye takwas a bayan gida, uku sun tsiro. Bayan ƙaramar salla, wata ranar Talata da dare, saƙon murya ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Ba ta fara da +227 na Nijar ba, da +213 ta fara. Muryar 'yar Kawu ce, da ƙarar motoci a bayanta da kukan yaro. Ta ce, "Yaya, ina wuni. Mun sauka lafiya. Ka gaida Inna."